Ƙananan ayyukan yumɓu na baje koli: tsagewa, fashewa da gilez mai cinye zane

Mai Zanko:

Assalamu alaikum malamai. Ina neman shawarar waɗanda suka san yumɓu da wuta. Akwai baje kolin ƙananan ayyukan fasaha da za a yi a Legas nan da wata uku, kuma sharaɗin masu shiryawa shi ne kada aiki ya wuce santimita 15 ta kowane ɓangare, har da gindin da aka ɗora shi a kai. Abin da nake shiryawa guda takwas ne: soraye masu zankwaye, rumbunan da aka tsaga gefensu da gangan don a hango ciki, sai dawaki biyu. Jan yumɓun fadama ne, an jiƙa an cuɗa kawai, ba a haɗa shi da komai ba. Gashi kuma a ƙaramin tanderun gas.

Zankwaye da kunnuwan doki suna tsagewa daidai inda aka manna su, tun kafin su ga wuta. Wasu na gwaji sun fashe a cikin tanderu tun da farkon gashi. Waɗanda suka fito lafiya, bayan kamar mako guda sai jikinsu ya fara ɓantarewa, ana ganin ɗan farin abu a tsakiyar kowane rami. Gilez kuwa, wato shafin da ke narkewa a wuta ya zama kamar gilashi a jikin aiki, ya cike zanen bangon soro gaba ɗaya. Me ke jawo waɗannan, kuma wane girma ya kamata in gina tun da yumɓu yana ƙanƙancewa? Allah ya saka da alheri.

Baban Tanderu:

Wa alaikumus salam, Malama. A fara da farin abun nan, don shi ne ya fi ban haushi: aiki ya gama fitowa lafiya, sai ya lalace a kan tebur, wataƙila ma a gidan wanda ya saya. Ɓarɓashin irin dutsen da ake siminti da shi ne, ko ɓawon katantanwa, yumɓun fadama ba ya rasa su. Idan zafi ya wuce digiri 800 sai su ƙone su zama gari mai ƙishirwa. Bayan an fito da aikin sai garin ya riƙa shan laimar iska, ya kumbura, ya ture fatar da ke samansa. A babbar tukunya rami ɗaya ba ya hana ta ɗaukar ruwa, amma a doki mai santimita 10 rami ɗaya zai iya tafiya da ido. Ki ɗiga ruwan khal a kan busasshen yumɓun, in kin ga yana kumfa to akwai shi.

Maganinsa tata. Ki busar da yumɓun sarai, ki daka, ki jiƙa shi da ruwa mai yawa ya kwana biyu har ya koma kunu, sannan ki tace da rariya mai lamba 60, wadda ƙofofinta rubu'in milimita ne. In babu, ƙyallen tatar koko ya yi. Ragar gidan sauro ba ta yi ba, ƙofofinta sun yi faɗi. A bar shi ya kwanta, a tsiyaye ruwan sama, a juye kunun a kan allon POP da aka shimfiɗa wa ƙyalle har ya yi daidai cuɗawa. Ƙyallen nan dole ne, don gutsuren POP a cikin yumɓu irin wannan ɓantarewar yake jawowa.

Sai dai yumɓun da aka tace haka yakan yi maiƙo da yawa, ya ƙanƙance sosai, ya tsage. Shi ya sa maginan tukwane ke daka tsingaro su zuba. Ke ma haka za ki yi, amma ki tankaɗe shi da rariyar nan, ki ɗauki mai laushin kawai: gram 150 a kowane kilo ɗaya na busasshen yumɓu. Tsingaro mai tsakuwa yana yage layi idan ana zane da allura.

Batun girma kada ki yi shi da ka. Ki yi ɗan falle mai kaurin santimita 1, ki ja layi na santimita 10 cif tun yana ɗanye, ki busar, ki gasa a zafin da za ki gasa aikin, ki sake aunawa. A ce ya dawo 9.1, ya ƙanƙance da kashi 9 cikin 100 ke nan. In gindin katako zai ci santimita 2, saura 13. Ki raba 13 da 0.91, zai ba ki 14.3, sai ki gina a 14 don a samu sarari. Falle uku za ki yi, ki ajiye su a wurare daban-daban cikin tanderu, don sama da ƙasa ba zafi ɗaya suke samu ba.

Tsagewar zanko kuma daga bushewa take. Siriri yana riga mai kauri bushewa, ya ƙanƙance shi kaɗai alhali bangon bai motsa ba, sai mahaɗar ta buɗe. Mafi inganci shi ne kada a manna shi ma: a bar yumɓu ya yi yawa a kusurwar bango, a jawo zankon daga jikinsa da yatsa. Inda mannawa ta zama dole, kamar kunnen doki, to ɓangarorin biyu su kasance laimarsu ɗaya, a karce kowanne da allura, a shafa kunun wannan yumɓun da aka dama da ɗan ruwan khal, a danna tare da ɗan murzawa, sannan a zagaya mahaɗar da zaren yumɓu siriri a shafe. Daga nan a sa shi a robar da ke da murfi ya kwana biyu ba a buɗe ba, laimar ta daidaita. Sai a riƙa ɗaga murfin kaɗan-kaɗan, mako guda zuwa kwana goma. In hunturu ya shigo kafin ki gama, ki zuba POP mai kaurin santimita 3 a ƙasan robar, in ya daskare ki jiƙa shi, zai riƙe miki aikin ɗanye har makonni. Rana da fanka kuwa kada su gan shi.

A huda kowane aikin da ke da rufaffen ciki, don iskar da ta maƙale tana fasa shi.

Ɗan Samaru:

Baba ya gama magana a kan yumɓu, sai dai a jimlarsa ta ƙarshe ina da ɗan gyara, da neman afuwa. Hudawa daidai ce, amma ruwa ne ke fasa aiki, iskar kanta ba ta da wannan ƙarfin. Ruwa idan ya zama tururi a digiri 100 yana neman wuri fiye da ninki dubu na inda yake, in bai samu hanya da sauri ba sai ya yi wa kansa. Amfanin ramin shi ne yana barin ciki ya bushe, tururi ya fita. Bambancin yana da amfani a aikace, don mutum zai iya huda rami goma, ya sa aikin da ɗanyen ciki, ya fashe duk da haka. Malama ta ce tun farkon gashi abin ya faru, wannan kuwa alamar tururi ce.

Maginan tsohuwar al'ummar Nok sun san wannan fiye da shekara dubu biyu da suka wuce. Manyan kawunan yumɓu da suka gina, waɗanda aka fara tonowa a wuraren haƙar kuza a kudancin Kaduna, ba su da ciko a ciki, yumɓunsu cike yake da tsakuwa, kuma an huda ƙwayar ido da hanci da baki. Ƙananan ayyukansu kuwa dunƙulallu ne. Ƙa'idar ba ta canza ba: abin da kaurinsa bai wuce santimita 1.5 ba a bar shi dunƙule, wanda ya wuce a rarake. Gangar jikin doki, idan ta yi taurin da za a riƙe ba ta lotsa ba, a yanka ta biyu da zare, a kwashe cikin a bar bango na milimita 5 zuwa 6 ko'ina daidai, a mayar a manne, a huda ramin milimita 2 a ƙarƙashin ciki inda ido ba ya kaiwa.

Kafin gashi ki ɗora aikin a kumatu. In kin ji sanyi, da sauran ruwa.

Matsalar ƙaramin tanderun gas ita ce ko an rage wuta iya ragewa, zafi yana haura 100 cikin mintuna kaɗan. Hanya biyu ce. Ko a fara sa ayyukan a oven na girki a digiri 90 na awa uku zuwa huɗu, ko a kunna kan wuta ɗaya kawai, a bar ƙofar tanderu a ɗan buɗe na tsawon wannan lokacin.  Bayan nan a hau da digiri 60 a awa har 200, sai 100 a awa har 600. Kada a yi gaggawa a nan: tsakanin 450 da 600 ruwan da ke ɗaure a jikin yumɓun kansa yake fita, kuma a 573 yashin da ke ciki yana kumbura farat ɗaya. Daga 600 za a iya yin 150 a awa har 1000 ko 1040, a tsaya minti 20. A bar hanyar hayaƙi a buɗe iska ta wadata, don yumɓun fadama yana da ruɓaɓɓen ciyayi, in bai ƙone ba sai tsakiyar bangon ta yi baƙi, aikin ya yi rauni. Jan yumɓu irin wannan kada a kai shi 1200 ba tare da gwaji ba, da yawansa daga 1100 yake fara kumbura yana lanƙwashewa.

Harshen wuta kada ya taɓa aiki kai tsaye. Ki jera su cikin gasasshiyar tukunya mai murfi da aka huhhuda, ki barbaɗa tankaɗaɗɗen yashi a ƙasa don su samu zamewa yayin da suke ƙanƙancewa. Wajen hucewa a toshe ko'ina, kada a buɗe sai ya sauko ƙasa da 100. Siraran wurare su suke fara jin iska mai sanyi, kuma tsagar hucewa ana gane ta: siririya ce mai kaifin baki, sau da yawa ba a ganinta sai an ƙwanƙwasa an ji aikin ba ya ƙara.

Uwar Rumbu:

Ƙanwata, ni shawarata ki ajiye gilez ɗin nan gaba ɗaya. Kaurin da gilez ke bukata kafin ya narke ya yi kyau ya kai rabin milimita zuwa ɗaya, zanen bangon soro mai santimita 12 kuwa zurfinsa bai fi haka ba. Ko an tsinka shi da ruwa, siririn bango yana ƙoshi da ruwa nan take ya daina ja, sai gilez ya zauna a kwari ya gudu daga tudu. Banda haka, soro da rumbu ginin ƙasa ne, ƙyallin kofin shayi ba ya yi musu kyau. A baje kolin ƙananan ayyuka mai kallo yana sunkuyowa har numfashinsa ya taɓa aikin, fatar yumɓun yake kallo kafin siffar.

Abin da ya dace shi ne tataccen kunun yumɓu, wanda ake gogewa ya yi sheƙi ba tare da ya ƙara kauri ba. Ki zuba lita 3 na ruwa a doguwar roba mai nuna ciki, ki sa gram 3 zuwa 4 na sodiyam siliket, sinadarin da ke hana yumɓu mai laushi kwanciya a ƙasan ruwa, sannan kilo ɗaya na busasshen garin yumɓu. Ki dama sosai, ki ajiye inda ba mai taɓawa na awa 20. Zai rabu: yashi da mai nauyi a ƙasa, mai laushin yana rataye a sama. Ki zuƙe na saman da siririn tiyo ba tare da kin motsa robar ba, na ƙasan a zubar. Ya kamata ya fito tsararo kamar madara. In kina da sikeli, mililita 100 ya auna gram 115, in bai kai ba a bar shi a buɗe ya ɗan ƙafe. A shafa wa aikin da ya bushe sarai amma ba a gasa ba, da burushi mai laushi, shafi biyu ko uku sirara. Da zarar laimar shafin ƙarshe ta ɓace, a goge da leda mai laushi da aka naɗe a yatsa. In aka yi shafi mai kauri zai ɓare bayan gashi. Kuma sheƙin yana mutuwa idan zafi ya wuce wajen 1050, don haka 1000 ɗin da Ɗan Samaru ya faɗa ya ishe ki. Jan yumɓunki zai ba da ja mai kyau. In kina son wuri mai haske, farin yumɓun Ƙanƙara ta jihar Katsina yana ba da fari, sai dai shi bai cika sheƙi ba.

Magdalene Odundo, 'yar asalin Kenya, wadda ta zo cibiyar koyon tukwane ta tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, a tsakiyar shekarun 1970, da wannan hanyar take aiki har yau: ba gilez, gogewa ce da tataccen kunu, gashin farko ya ba da ja, in tana son baƙi ta sake gasawa a rufe cikin hayaƙi. Ke ma za ki iya: bayan gashin farko ki binne aikin cikin garin katako ko ƙaiƙayin shinkafa a gwangwani mai murfi, ki kunna daga sama, ya ci a hankali ya kwana. Inda kike son ja ya tsira ki lulluɓe da ɗanyen yumɓu, daga baya ki ɓare. Makuba ma tana nan, ruwan ɓawon ɗorawa da ake yayyafa wa tukunya tana fitowa daga wuta da zafinta, amma a kan zanko siriri ina tsoron ruwan ya tsaga shi.

Wanda ya nace sai gilez, to ya dubi yadda Ladi Kwali ta yi. Bayan ta shiga wannan cibiyar, wadda Michael Cardew ya kafa, a 1954 ke nan ta shiga, ƙadangaru da kunamu da kifayen da take zanawa ana cike layinsu da farin kunu ne, a kankare saman, sannan a rufe da gilez mai nuna abin da ke ƙasa. Launi ne ke riƙe zanen, ko da gilez ya cike zurfinsa. Sai dai nata tuluna ne manya da ake gasawa a wuta mai tsanani. Abu ɗaya da ba na sassauci a kansa: gilez ɗin da aka haɗa da dalmar tsohon batir guba ne ga mai shafawa da mai gasawa.

Na Bakin Gallery:

Hajiya Uwar Rumbu ta yi gaskiya kan sunkuyowar mai kallo, kuma wannan ne ya sa gindi da mazauni suke cin rabin aikin. Ƙaramin abu a kan tebur na yau da kullum, mai tsawon santimita 75, ana kallonsa ne ta ƙoƙon kai, tsagar rumbunki ba wanda zai gani. Ki tambayi masu shiryawa tun yanzu tsawon abin da za su ɗora ayyuka a kai. Santimita 110 zuwa 120 ne daidai. Fitila ta zo daga gefe a karkace don zanen bango ya yi inuwa, in ta sauko daga sama tsaye sai ya baje.

Kowane aiki a kafe shi. Tun yana ɗanye ki huda rami na milimita 4 a ƙasansa, bayan gashi ki sa sandar farin ƙarfe ko tagulla mai milimita 3 da gam mai haɗi biyu irin Araldite, ɗaya bakin ya shiga katakon. Super Glue yana shigewa cikin gasasshen yumɓu ya bar tabo, kuma ba ya jure girgiza. Gindin ya fi aikin nauyi, don gwiwar hannun mutum ɗaya a cunkoso ta isa. Ƙaramin abu kuma yana shiga aljihu, in za a samu murfin roba mai nuna ciki a sa, amma ki tambaya ko ana lissafa shi cikin santimita 15 ɗin.

Guda takwas ɗin ki jera su a matsayin unguwa ɗaya, kada a warwatsa. Ozioma Onuzulike da Ngozi-Omeje Ezema na Nsukka sun nuna ƙarfin da ƙananan gutsattsarin yumɓu ke yi idan sun taru: shi yana saƙa dubbansu da wayar tagulla su zama kamar tufa, ita tana rataye su da zaren roba su fitar da siffa a sarari. Naki kowanne zai iya tsayawa shi kaɗai a saya, amma daga nesa tarin ne zai jawo mutum.

Ki sa hannu da shekara a ƙasan aikin tun yana ɗanye. Takardar bayani ta ɗauki suna, shekara, kayan aiki, da awo a jere: tsawo, faɗi, kauri. Kafin ki yanka farashi ki karanta yarjejeniya, ki ga kason masu baje kolin da kuma wanda zai ɗauki asara in abu ya fashe a hannunsu.

Hanyar Legas daga Arewa doguwa ce, kwali biyu za ki yi. A naɗe aikin da takarda mai laushi tukuna, don ledar kumfa tana barin tambarinta a jikin gogaggen yumɓu idan ta sha zafi. A cusa auduga tsakanin zankwaye da ƙafafu, a yanka soso daidai jikin aikin, kowanne da ƙaramin kwalinsa. Ƙananan su shiga babba da tazarar santimita 5 ta ko'ina cike da soso. Ki girgiza, in kin ji motsi ki buɗe ki ƙara.

Mai Zanko:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Saura ƙafafun dawakin: kaurinsu bai fi milimita 6 ba, kuma suna lanƙwashewa saboda nauyin jiki tun wajen gini. Zan iya sa waya a ciki in gasa da ita?

Baban Tanderu:

Ɗan Samaru, gyaranka ya karɓu. Malama, wayar da kike da ita a gida ba za ta yi ba. Alminiyam yana narkewa a 660, tagulla a 1085 amma tun kafin nan ta ƙone ta yi baƙi, wayar ɗaurin rodi kuma tana yin ɓawo ta kumbura ta fasa ƙafar. Wadda ke jure wuta ita ce Kanthal, irin ta cikin tanderun lantarki, sabuwa, mai milimita 1. Ko ita sai an naɗe ta da takarda falle ɗaya, don yumɓu yana ƙanƙancewa waya ba ta yi, takardar ce za ta ba shi wurin matsewa.

Da ni ne, ba zan sa waya ba. Ki yi ƙafafun da yumɓu mai takarda: ki jiƙa kiret ɗin ƙwai a ruwan zafi, ki markaɗa, ki matse, ki haɗa kofi ɗaya da kofi huɗu na kunun yumɓunki, ki shanya a kan POP. Zaren takardar yana riƙe siririn abu tun yana ɗanye, a wuta kuma ya ƙone, sai dai zai yi hayaƙi daga wajen 250, a bar iska. Ki kwaɓa kaɗan, yana wari bayan mako biyu. Dokin duka ki yi shi da wannan haɗin don ƙanƙancewarsa ta zo ɗaya.

Sannan ki tokare cikin dokin da ɗan ginshiƙin yumɓu iri ɗaya, wanda aka yi rana ɗaya da shi, da 'yar takarda a tsakani don kada su manne. Doki da ginshiƙi su tsaya a kan falle ɗaya mai milimita 5, shi ma na wannan yumɓun, su bushe tare, a ɗauke su tare zuwa tanderu ba tare da an ɗaga dokin ba. Fallen yana ƙanƙancewa da ƙafafun, don haka kofato ba ya tirjewa a kan allon tanderu. Bayan gashi sai ki zare ginshiƙin ta gefe.